Gwadabe Bai Hau Motar Mika'ilu Ba

A kakar gyaɗa ta 1958, babu wanda bai san ra'ayin Gwadabe game da mota ba a Rano. Shekara ashirin yana kora jakuna goma sha biyu zuwa Kano da buhunan gyaɗa. Da Mika'ilu direba ya kawo babbar motarsa, sai ta riƙa kwashewa a sawu ɗaya abin da jakunan ke yi a mako biyu. Gwadabe ya sayar da goma sha ɗaya, ya rage guda. Ranar kasuwa kuma, a gaban jama'a, ya rantse ba zai taɓa sa ƙafarsa a cikin mota ba.

Tun daga nan abokan zamansa suka samu abin tsokana. Habu, taubashinsa, shi ne kan gaba.

"Sarkin jakai, mota fa ba ta harbi!"

"Ba ta kuma san hanyar gida ba," in ji Gwadabe. "Ran da mai ya ƙare a daji, ka ba ta dusa mu gani."

Wata Talata da yamma Mika'ilu ya dawo daga Kano da saƙo. Ramlatu, 'yar Gwadabe ta fari, wadda ke aure a Fagge, ta haihu, jini kuma ya ƙi tsayawa. Mijinta ya ce a zo maza.

Gwadabe bai taɓa kiran sunan Ramlatu ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Ya ji saƙon, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya shige gida. Matarsa Tani ta riga ta ɗaure kayanta.

"Malam, motar da sassafe za ta tashi."

"Na ji."

Bayan magariba ya tsaya wurin liman. Liman ya ce abin mai sauƙi ne, ya hau motar, daga baya ya yi kaffara: ya ciyar da mutum goma, in babu hali ya yi azumi uku. Gwadabe ya yi godiya. Ba azumin ne ya dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne a ce a Rano ya karya rantsuwa, kuma saboda 'yar fari.

Da asuba ya ɗaura wa jakinsa akumari ya kama hanya. Rana ta ɗan ɗaga sai ya ji gurnanin mota a bayansa. Mika'ilu ya tsaya, ya leƙo.

"Baba, ga wuri a gaba kusa da ni. A bar jakin a ƙauyen can. Kafin azahar muna Fagge."

Gwadabe ya ɗaga kai. A saman buhuna akwai mutanen Rano wajen goma. Tani na cikinsu, ta ja mayafi ta kau da fuska. Ya saki ragamar jakin, har ya yi taku ɗaya.

Habu ma yana sama, za shi sayen gishiri, bai kuma ji labarin Ramlatu ba.

"A matsa, a matsa! Yau sarkin jakai ya tuba!"

Mutum biyu suka yi dariya. Gwadabe ya sunkuya ya ɗauki ragamar.

"Ku tafi, Mika'ilu. Ina tafe."

Ya kwana a hanya. Ya shiga Fagge ranar Alhamis da hantsi, ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane zaune. Habu yana cikinsu, ya kasa haɗa ido da shi. Ramlatu ta rasu jiya bayan la'asar, an binne ta kafin magariba. Jaririyar tana nan.

Tani ta fito soro ta durƙusa ta gaishe shi.

"Kun same ta?" in ji Gwadabe.

"Mun same ta. Tana magana har la'asar."



"Ta tambaye ka," in ji Tani. "Na ce kana hanya. Ta ce a kan jaki? Na ce e. Ta ce to a ɗora maka ruwan zafi, ƙafafunka za su kumbura."

Gwadabe ya fita ya zauna a bakin tabarma. Mutane suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa gaisuwa, yana amsawa.