Fatar da Giwa Ta Bari

Giwa ake ce mini a ɗakin guga na otal ɗin da nake aiki, kuma ina amsawa. A karkace nake shiga ƙofar ɗakin. Ban taɓa kai ƙarar jikina wurin kowa ba sai da gwiwoyina suka ƙi ɗaukata, aka auna jinina aka ce suga ne. Likitan da aka haɗa ni da shi yaro ne, na haifi wanda ya girme shi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Mama, ko ki rage jikin nan, ko wata rana a rage miki ƙafa."

Na ji tsoro, na bi. Duk abin da ya ce in bari na bari. Na daina hawa mota, da ƙafa nake zuwa aiki. In dafa abinci da hannuna, in zauna ina kallon jikokina suna ci ina haɗiyar yawu. Rabina ya tafi. A kan sikelinsu aka gani, ba ni na faɗa ba.

Abin da bai gaya mini ba shi ne, kitse yana tafiya amma fata ba ta bin sa. An juye buhu, an bar ni da buhun. Fatar cikina ta sauko har cinya kamar an ɗaura mini zane na biyu. Ta damatsa kuwa lilo take yi, har ta taɓa lasar gefen dutsen guga, tabon yana nan. Amma masifar tana ƙarƙashin fatar cikin, inda iska ba ta shiga. Ɗakin guga tururi ne tun safe har yamma. Zufa ta taru a wurin, ya yi ja, ya saɓule, ya fara ruwa. Daga nan sai wari.

Madam, shugabarmu, ta ja ni ɗakin ajiyar tawul ta tura ƙofa. Da ma ihu ta yi mini da ya fi sauƙi. A hankali ta ce, "Mama, yaran sun ce ba sa iya tsayawa kusa da teburinki. Kuma kayan baƙi ne a hannunki. Ki nemi magani. In wata ya ƙare a haka, ba ni da yadda zan yi."

Teburin nan shi ne ɗakina, shi ne tukunyata. Maigidana ya daɗe a ƙasa. Wa zai ɗauki tsohuwa aiki, tsohuwar ma mai wari?

Kada a ce ban gaya wa Likita ba. Na gaya masa, ba sau ɗaya ba. Sai dai ni ba a haife ni in je gaban namiji da ƙazanta ba. Duk ranar asibiti nakan yi wanka sau biyu, in busar da wurin da fanka, in zuba hoda, in shimfiɗa auduga. Tsofaffin zannuwan gado da otal ke zubarwa nake yagawa dogo-dogo. Auta, 'yata ta ƙarshe, ta naɗe mini fatar sama, ta yi ta zagaya ni da ƙyallen tana ja har numfashina ya tsaya a wuya. In sa riga mai kyau, in fesa turare, in shiga ofishinsa a miƙe kamar sanda.

Shi kuma ya dubi sikeli, ya dubi kwamfuta, ya yi murmushi. Ranar da na ce ina so a yanke mini fatar, ko kai bai ɗago ba.

"Mama, wannan ai aikin kwalliya ne, ba ma yin sa a nan. Ko wani tsoho ne ya ƙyalla ido?"

Nas ɗinsa ta yi dariya. Abin da ke ƙona mini rai har yau, ni ma na yi. Ya ba ni man shafawa ɗan mitsitsi, aka kira na gaba.

Bayan maganar Madam, har wurin aiki da ɗaurin nake zuwa. Ranar asibiti ta zagayo. Auta ta shigo da sabon ƙyalle da gwangwanin hoda. Na ce ta mayar.

"Inna, na jiya ne fa a jikinki. Tun daga ƙofa ake ji."

"Haka nake so."

"Za ki ba mu kunya a cikin mutane."

"Kunyar ce ta kawo ni nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ni kuwa na manta rabon da in ga tawa."

Na fara biyawa ta otal na yi gugar safe a cikin tururi, sannan na hau mota. Matar da ke gefena ta ja mayafi ta rufe hanci. Ban ga laifinta ba.

Asibitin suna da wata ɗabi'a. Kafin a fara ganin Likita, sai a tsayar da wanda ya rage jiki a gaban sababbin zuwa ya ba su ƙarfin gwiwa. Ni ce abin nuninsu. Ina shiga, nas ta ce, "Ga tauraruwarmu ta iso." Ta matso za ta kama hannuna, sai na ga hancinta ya motsa.

Benci cike yake, maza da mata, kowa da tumbinsa. Likita ya fito yana gyara tabarau ya ce, "Ku dubi Mama. Da ta fi kowa a nan. Mama, gaya musu yadda kika yi."

Na tsaya a gabansu. Na sa hannu ta ƙarƙashin riga na kama ƙullin ƙyallen.

"Zan gaya musu. Amma kai zan fara nuna wa. Ko a ciki, ko a nan, zaɓi ɗaya."

"Mama, bari mu gama da su tukuna."

Na ja ƙullin, bakin ƙyallen ya faɗo ƙasa yana reto, da shatar ruwan ciwo a jikinsa. Wani dattijo a benci ya sunkuyar da kai. Ina roƙon Allah a zuci kada yaron nan ya bari in ƙarasa. Likita ya buɗe ƙofar ofis ya ce, "Shigo."

Nas ta ja labule ta fara warwarewa. Zagayen ƙarshe ya manne da naman, sai da ta jiƙa shi da ruwan ɗumi ya saki. Fatar ta zubo. Warin ya cika ɗakin, ni kaina sai da na kau da fuska.

Na ce, "Ɗaga da hannunka. Ni na gaji da ɗauka."

Ya sa safar hannu. Da hannu ɗaya ya fara, ya ga ba za ta yiwu ba, ya sa biyu. Ya leƙa. Ya ɗago ya dube ni.

"Tun yaushe?"

"Tun kana tafa mini."

"Me ya sa ba ki nuna mini ba?"

"Me ya sa ba ka ce in nuna ba? Sikeli kake dubawa. Shi ne mara lafiyarka, ni rakiya nake yi masa."

"Kullum tsaf nake ganinki, Mama."

"To da yaya zan zo? Kai uwarka da wari take zuwa asibiti?"

Na riƙe masa hannun riga. Na ce, "Ɗan nan, ni ba kyau nake nema ba, wanda zai kalla ya mutu. Za a kore ni daga aiki. Ka ce in rage, na rage. Kowa ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Ka yanke abin nan, ko karnuka ne ka ba su."

Ya cire safar ya ɗauki waya. Na ji yana cewa, "A'a, ba kwalliya ba ce. Ki zo ki gani da idonki."

Likitar tiyata ta zo, mace mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga, ta danna, ta tambayi sugana. Ta ce za a yi. Amma ba a yanka a kan ɗanyen ciwo, sai ya bushe, kuma ba zai bushe a cikin tururi ba. Bayan aikin ma akwai kwanciya mai tsawo, ba ɗaga hannu, ba ɗaukar dutsen guga.

Na lissafa a raina. Watan Madam zai ƙare ban ko hau gadon tiyata ba. An gudu ba a tsira ba.

Na ciro wayata daga jaka na ajiye a kan teburinsa, kusa da ƙyallen.

"Kira ta. Madam. In ni na faɗa, tsohuwa ce ke neman uzuri. Kai ka jawo, kai za ka yi bayani."

Ya dubi nas, ya dubi ƙofa, a waje mutane na jira. Ya ce in nemo masa lambar. Ya yi magana a tsaye, ya ce ciwo ne ba ƙazanta ba, ya ce yana warkewa, ya ce shi ne bai duba da wuri ba. Wannan ta ƙarshen na so a ce da ƙarfi ya faɗe ta. Madam ta ce ba ita ke da otal ba, za ta shiga wurin manaja, za ta kira.

Nas ta wanke wurin ta sa magani, ta ce kada in sake ɗaurewa. Haka na fito, na tallafo cikina da hannu biyu ta saman riga kamar mai ɗauke da jaririn wani. Babu wurin zama sai kusa da wata yarinya mai jiki irin nawa na da. Ta matsa mini, ba ta rufe hanci ba.

"Mama, ba ki gaya mana ba. In rage?"

"Rage, 'yar nan, ƙafa ta fi. Amma in kin shiga, kada ki yi masa kwalliya."

Na ɗora wayar a cinyata, na sa fatar ta danne gefenta don kada ta zame. Aka kira na gaba. Ina nan zaune ina kallon gilashin wayar.