Gidan da Aka Hana Kuka

Ina tsinke ganye a shagon taliyar Goggo Nhan, ƙanwar babana, sai ga saurayina Khoa ya taka birkin babur a ƙofa, ko hular kwano bai cire ba.

"Tham, Baba ya cika da asuba. Mama ta ce kada kowa ya yi kuka sai an ɗaura mana aure. Ƙarfe goma za a zo ɗaukarki."

Haka ake yi a ƙauyukanmu na Nam Dinh, a ƙasar Vietnam: da zarar an saki kuka an ɗaura farin ƙyalle a ka, ɗan mamaci shi da aure sai bayan shekara uku. Shi ya sa ake lulluɓe gawa, a haɗiye hawaye, a shigo da amarya a gurguje.

Shekara biyu ina ja masa rai kan auren nan, kuma ya san dalili. Ni na ƙudura ba zan haihu ba. Ina riƙe da hannun yayata Lua jini ya ƙare mata wajen haihuwa, har yau in na ga mai ciki sai in kau da kai. Shi kuwa shi kaɗai ne ɗa namiji a gidansu, in bai haifi ɗa ba wa zai kunna wa kakanninsu turare? Duk sanda na faɗa masa sai ya yi dariya, wai zan canja.

Yana tafiya Goggo ta cusa min jar rigar amarya a leda.

"Ke dai taurin kai kamar na babanki! Ki ja bakinki ki shiga gidan. Mata nawa suka shiga da tsoro suka fito da goyo?"

"Lua ma haka kika ce mata, Goggo."

Ta juya ta koma kan tukunyar taliyarta.

Ban jira goma ba, na tafi da ƙafata. Gidan tsit, abin tsoro. Ƙannensa mata suna manna jar takardar biki a bango, idanunsu sun kumbura, ga tsoho can kwance cikin gidan sauro an rufe masa fuska. Mamarsa ta damƙe hannuna, leɓenta har ya fashe don cizo.

"'Yata, maganarsa ta ƙarshe ita ce yana son jika."

Na ji kamar in nutse. Na jawo Khoa waje, bakin kududdufin kifinsu.

"Yaya Khoa, ina sonka, ka sani. Amma in ka aure ni yau, ka aure ni ba ɗa har abada. Kada ka yi dariya."

Bai yi ba.

"Haba Tham, yau? Gawar ubana a kwance?"

"In na bari sai gobe, na yaudare ka ke nan."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Can ya ce in jira shi, ya shige ciki.

Na tsaya rungume da ledar, ina roƙo a zuciyata gidan ya ci gaba da shirunsa, don kuka na tashi an fasa auren ke nan. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko a bakin gadon Lua. Kifi ya fantsama ruwa, na zabura. Wani ya ja kujera a ciki.

Sai muryar mamarsa ta tsage da kuka, ƙannensa suka amsa mata.