Ni Na Sa Masa Amos

Ɗana Amos ya je kotu ya canja sunansa, ya koma Fortune, wai arziki ke nan da Turanci. Ba daga bakinsa na ji ba. Maƙwabcina ne ya gani a jarida, ya zo ya karanta mini a ƙofar gida.

Ni Andrawus, shekara talatin na yi ina dako a Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi. Karatuna bai wuce aji biyu ba. Amma sunan nan ba a hanya na tsince shi ba. Da matata marigayiya Dorcas ta haihu, na je wurin Malam Luka, tsohon mai bisharar ƙauyenmu a wajen Bogoro, na ce ya ba ni sunan annabin da ya san wahala. Ya ce Amos. Ya ce da Ibrananci ma'anarsa mai ɗaukar kaya. Annabin mutumin wani ƙauye ne, Tekowa, yana kiwon tumaki, yana kula da itatuwan ɓaure. Bai yi makarantar annabawa ba. Allah ya ɗauko shi daga bayan garke, ya aike shi ya gaya wa attajirai su daina tauye mudu suna taka talaka. Firist na Betel ya ce ya tattara ya koma garinsu. Annabin bai rufe bakinsa ba.

Na ce shi nake so. Na san masu tauye mudu, buhunansu a kaina suke hawa.

Da wannan wuyan na kai yaron jami'a a Yelwa. Ya gama, ya sami aikin ofis, ya kama gida a Gwallameji. Shekara shida ba a ƙara masa girma ba. Sai ya shiga wata sabuwar majami'a, faston ya ce masa sunan ne ya danne shi.

Ranar Asabar da hantsi suka zo shi da matarsa Peculiar. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye mini sabon kaftani da hula a kan tabarma. Ban taɓa ba.

"Baba, gobe muna son ka zo coci," in ji shi.

"Ina da nawa cocin."

"Sau ɗaya ne, Baba. Fasto ya ce takardar kotu ba ta isa ba. Bakin da ya raɗa tsohon suna shi zai warware shi. Ka tsaya gaban jama'a, ka ɗora mini hannu, ka kira ni Fortune sau uku. Shi ke nan."

"Shi faston yaya sunansa?"

"Treasure."

"Ubansa ne ya sa masa?"

Peculiar ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Shi bai yi dariya ba.

"Baba, ka san ma'anar Amos kuwa?"

"Na sani tun kana cikin zanen goyo."

"Ka sani, ka sa mini? Kai ka ƙare rayuwarka a ƙarƙashin buhu, ni ma haka kake so in ƙare?"

Na cire hulata, na nuna masa tsakiyar kaina, inda gashi ya daina fita tun yana aji uku.

"Nan ka yi digiri," na ce.

Ya kawar da ido. Ya ce idan ban zo ba, fasto ya ce dole ya nisanci bakin da ke kiransa da sunan, har sai an warware. Ba zai ƙara tako gidan nan ba. Shi kaɗai Dorcas ta bar mini.

Peculiar ta ce, "Baba, don Allah. Kalma ɗaya ce, sau uku."

Na tura musu kaftanin da ƙafa. Na mai da hulata.

"Amos," na ce, "ɗauki kayanka. Ba zan je ba, ba kuma zan kira ka da shi ba."