Farin Fenti a Kan Iyaka

Da hannuna na tone duwatsun iyakar gonata na watsa su cikin kwazazzabo. Ba wanda ya aike ni. Amma in mafarin abin ake nema, 'yan Kankia ne masu hawan dutse.

Gonar tana gindin Dutsen Maiƙaho, bayan ƙauyenmu, can gefen garin Ƙofa. Asali guda ce, ta kakanmu. Da aka raba gado mahaifina ya samu gabas, ƙanenshi ya samu yamma, aka kafa baƙaƙen duwatsu huɗu a tsakani. Tsofaffin duk sun riga mu gidan gaskiya. Yanzu ni Ummaru ke noma gabas, Salisu ɗan ƙanen mahaifin nawa ke noma yamma. Taku biyar daga duwatsun, cikin tawa, akwai ɗorawa. Da kalwarta matata Kubura ke yin daddawa shekara ashirin da ɗoriya, har daga Rimaye ake aikowa. Salisu kau ya daɗe yana yi wa itacen nan kallon da kura ke yi wa akuyar da ke ɗaure.

Bayan an kai amfani gida na tafi Kano cin rani, wata huɗu ina tura baro a kasuwa. Na dawo sama ta fara haɗa hadari. Ran Asabar da sassafe na saɓa fartanya na je in share gona, sai na iske hanya a cikinta. Ba sawun awaki ba, hanya sosai, ƙafa ta daka ta ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. An jera mata duwatsu a gefe, an shafe su da farin fenti. Ta taso daga dutsenmu na farko, maimakon ta miƙe kan iyaka sai ta lanƙwaso cikin gonata, ta zagaye ɗorawa ta gabas, sannan ta koma ga dutse na huɗu ta haye tudu. Namu biyu na tsakiya an mai da su kujeru. Su ma sun sha fenti, har da rubutu.

Ina tsaye sai ga su, sun kai sha biyar, kowa da takalmin kambas da robar ruwa, wasu da sanda kamar makafi. Ƙatti da gemunsu cikin wandon yara.

Na tare hanya na ce, "Wa ke sarkinku?"

Wani dogo mai tabarau ya matso. "Ina kwana Baba. Sunana Zulkifli, ma'aikata ne mu daga Kankia. Duk Asabar muke hawa dutsen nan, motsa jiki. Yawancinmu likita ne ya sa mu."

"Jiki kuke son motsawa? Akwai fartanya goma a gidana, ku biyo ni."

Wani mai tumbi daga baya ya ce, "Baba, hawa likita ya ce, bai ce noma ba."

Suka kwashe da dariya. Dariyar nan har yau in na tuna sai na ji bakina ya yi ɗaci.

"Gonar ubanku ce?"

"Yi haƙuri Baba," in ji Zulkifli, "sai da muka nemi izini. Mai gonar ne da kanshi ya nuna mana ta inda za mu bi. Ya ce mu zagayo ta nan don inuwa."

"Wane mai gona?"

"Malam Salisu."

Mai hankali da ya ji wannan suna gidan mai unguwa zai nufa, ya kira mutane su zo su ga duwatsu tun suna nan daram. Ni fentin kawai nake gani. Na ɗaga fartanya na ce duk wanda ya ƙara taku ɗaya sai an kwashe shi a amalanke. Suka juya suna gunaguni. Mai tumbin ya waigo ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, kai ma hawan jinin gare ka."

Da la'asar na dawo da diga da baro. Dutse arba'in da wani abu na tone. Nasu ɗaga su kawai ake yi, a saman ƙasa suke. Huɗu sun ba ni wahala, sai da na haƙa kusan kamu guda. Kada in yi maku ƙarya, na san ko waɗanne ne, bayana ya gaya mani. Cewa na yi ba za a bar fentin ɗan birni kan dutsen da ubana ya kafa ba, gobe in ɗauko su in kankare in mayar, tunda ga ramukan nan. Na juye su duka cikin kwazazzabon da ke ƙasan gona.

Da na faɗa ma Kubura sai ta aje muciya. "Malam, har da na su Baba?"

"Gobe zan mayar."

"Wa ya gan ka kana cirewa?"

"Ina ruwana da wanda ya gan ni? Gonata ce."

"Shi ne abin," ta ce. Ta ɗauki muciyarta ta ci gaba da tuƙi.

Washegari bayan sallar asuba ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bai tsaya ba sai hantsi. Da na isa gona, ruwan da ya gangaro daga dutse ya shafe ramuka da yashi, ƙasa ta yi sumul kamar ba a taɓa ta ba. Kwazazzabo ya cika ya kawo, ya binne duwatsun ko ya tafi da su, Allah masani. Kwana biyu ina tono, na samu guda tara, duk nasu. Abu ɗaya ruwa bai ci ba, hanyar nan.

Rana ta uku na iske Salisu ya yi shuka har gindin ɗorawa.

"Yaya, sannu da dawowa," ya ce, yana share zufa. "An sha Kano?"

"Fita mani daga gona, ɓarawo."

"Wace gona, Yaya? Ga hanya nan. Tun kaka da kakanni hanya kan iyaka take bi. Ka taɓa ganin an ratsa tsakiyar gonar mutum ya yi shiru wata huɗu?"

"Ba na gari, munafiki!"

"To nuna mani duwatsun."

Na shaƙe shi. Masu wucewa suka raba mu, magana ta je ga mai unguwa, aka sa ranar Asabar bayan azahar.

Ran Juma'a da yamma aka yi sallama da ni. Zulkifli ne bisa babur, yau da doguwar riga.

"Baba, na ji abin da ya faru. Ban san akwai rigima tsakaninku ba, da ba mu bi ta nan ba. Ranar da muka fara zuwa mun ɗauki hoto gindin itacen, tun kafin fenti. Duwatsun nan huɗu sun fito a bayanmu a jere, itacen na ɓangarenka. Ga shi a waya."

Ya miƙo. Ban kalla ba.

"Me kake so?"

"Ba komai. In an gama, ka bar mu mu riƙa bi ta kan iyakar gaskiya. Ba za mu taka shuka ba."

"Wato in sayar maka da gona in sayi hoto. Ku kuka haɗa wutar nan, yanzu ka zo mani da ruwa a cokali? Kai da Salisu uwarku ɗaya. Hau babur ɗinka tun ina ganinka da mutunci."

Kubura na bayan zana tana ji. Ta ce, "Malam, don Allah ka karɓa." Na ce ta koma ciki.

A zauren mai unguwa an cika. Zulkifli ma ya zo, ya zauna can bakin ƙofa, wayar na hannunshi. Mai unguwa ya tambaye ni wa ya cire duwatsu. Na ce ni. Liman ya girgiza kai ya ce, "Ummaru, da girmanka? Ba ka san abin da ke kan mai taɓa alamar iyaka ba?"

Na ce ai kowa ya san Kubura ke tsinkar ɗorawar nan. Salisu ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, zumunci ne ya sa muka bar mata. Ashe alheri ma laifi ne."

Mai unguwa ya ce, "Wanda ya tone iyaka da hannunshi ba a jin bakinshi kan inda take. Kana da shaida? Ko mutum guda, wanda ya ga duwatsun a mazauninsu ya tabbatar."

Na bi zauren da kallo. Mutanen garinmu kowa ya sa ido a tabarma, ba mai son shiga tsakanin 'yan uwa. Zulkifli ya ɗago ya dube ni. Baƙo ne, ba zai tsoma baki ba a kira shi ba. Sunanshi kawai zan ambata. Bayan shi kuma, ta ƙofa, sai na hango mai tumbin nan zaune bisa babur yana jiran shi, yana cin gyaɗa. Sai dariyar nan tasu ta faɗo mani.

Na ce, "Ba ni da shaida. Allah ne shaidata."

Aka fita gona da mu. Aka kafa sababbin duwatsu bisa hanyar masu kambas.

Kunya bakwai na gonata suka tafi, da ɗorawa. Duk Asabar suna wucewa, yanzu cikin gonar Salisu, su huta a inuwa su sha ruwansu. Da bazarar da ta zagayo, Hassana matar Salisu ta zo da ƙugiya ta sauke ɗorawar kaf, buhu shida. Tukunyar daddawar Kubura tana bayan ɗaki a kife, ta fasa mata gefe, kaza ke ƙwai a ciki. In 'yan Rimaye sun aiko, cewa take yi a nuna masu gidan Hassana.