Tukunyar Tsiron Gidan Su Ponni

Kwana bakwai ke nan tsiron yana tashi a ɗakin duhu, kuma har yanzu ba a yanke wadda za ta ɗauki tukunyar gidan su Ponni ba. A watan Adi, watan bikin roƙon ruwan sama a garinsu, kowane gida yakan shuka hatsi iri tara a tukunyar ƙasa, a rana ta tara 'yar gidan ta ɗora a ka, ta bi jerin mata har tafki, ta sauke ta cikin ruwa. Tukunya ta faɗi kuwa, shi ke nan, shekara guda duk ruwan saman da ya makara, a wuyan gidan za a rataya laifin.

Ponni ce kaɗai 'ya mace a gidan, shekararta sha biyar, ƙashin bayanta ya lanƙwashe tun tana sha biyu. Kafaɗar dama ta ɗara ta hagu tudu. Abin da ke ƙona mata rai shi ne, ita a jikinta ƙyam take jin ta tsaya. Madubi ne da mutane ke cewa ta karkace.

Gwaggo Alamelu, yayar babanta, ita ce uwar gyara. Wannan mata ko shinkafar da ba ita ta dafa ba sai ta ƙara mata gishiri. Ta kawo tulun ruwa aka yi gwaji a tsakar gida.

"Miƙe mana, 'yar nan. Kin tsaya sai ka ce bishiyar kwakwar bakin teku."

Ta danna kafaɗar dama ƙasa, ta tura ƙugu, ta ja baya tana kallo. "Yauwa, yanzu kika zama mutum."

Ponni kuwa ji ta yi ƙasa ta sulale gefen hagu. Taku uku, tulu ya tarwatse. Na biyu ma haka.

"Chellam," in ji Gwaggo ga mahaifiyar Ponni, "ki roƙi 'yar maƙwabta ta ɗaukar muku, kada a yi abin kunya."

Ponni ta ji kuka ya taso mata, amma haushi ya riga shi. "Inna, a ba ni tulu ɗaya. Kada wanda ya taɓa ni."

Saura tulun shan ruwa kaɗai, Inna ta miƙa mata. Ponni ta gyara gammo, ta ɗora, ta lumshe ido, ta bar kafaɗar ta koma inda take so. Wuyanta ya nemo tsakiya da kansa, aikin da yake yi shekara uku ba wanda ya lura. Ta zagaya rijiya sau huɗu, ko ɗigo bai zuba ba.

"Sa'a ce," in ji Gwaggo.

Ranar tara da la'asar aka fito, ganguna a gaba, mata sun fi ɗari. Tsiron ya kai taƙi biyu, kore shar, ga nauyi. Ponni tana jin idanu a bayanta, tana jin wata na cewa, "Wayyo, wa ya ɗora wa yarinyar nan?" Bayanta ya fara zafi tun a kwanar makaranta. Ta ci gaba da tafiya yadda jikinta ya ce mata daidai ne.

A matakalar tafki, inda gansakuka ke santsi, Gwaggo ta kasa haƙuri. Ta kutso, ta miƙa hannu za ta danna kafaɗar. Inna, wadda shekara ashirin ba ta taɓa musa wa Gwaggo ba, ta cafke wuyan hannun.

"Bar ta, Yaya. Haka take tsayuwa."

Ponni ta ji, daɗi ya cika mata ciki har ta kusa dariya. Ta sauka mataki goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, ta shiga ruwa har gwiwa, ta sauke tukunyar da hannunta.