Ƙuri'a Ɗaya a Tungar Ango

Bencin da ke ƙofar shagon Nwankwo a kife yake. Munira ta gan shi da wutsiyar ido a hanyarta ta zuwa firamaren da take koyarwa, ta sunkuyar da kai ta wuce. Shekara goma sha takwas masuntan Tungar Ango suna zama a kansa, suna ɗinkin komar kamun kifi, suna jiran maganin zazzaɓi. Likita suke ce masa, ko da yake shagon magani kawai gare shi.

Kwana uku ke nan da zaɓen majalisar wakilai. Mazaɓun bakin kogi, har zuwa iyakar Benin, sun bi ɗan takararsu, jikan masunta. Mutanen tudu suka bi nasu, kuma shi ya ci, da ratar ƙuri'a fiye da dubu huɗu. Dubu huɗu sun fi ƙarfin Tungar Ango. Abin da ya tsaya wa gari a maƙogwaro shi ne takardar sakamakon da aka manna a bangon makaranta: ɗari biyu da goma sha biyu ga nasu, ɗaya ga na tudu. Alhali kafin zaɓe an taru a ƙofar mai gari, an sha alwashin yin baki ɗaya.

Da la'asar Munira ta kai wa mahaifinta Lauwali, mai garin, fura a zaure, ta tarar da zauren cike da maza.

"Baba, ba sai an yi duba ba," in ji Mudassiru, wakilin jam'iyya. "Wa ab baƙo cikinmu in ba Inyamurin ga ba?"

Nwankwo na durƙushe bakin ƙofa, takalmansa a waje.

"Ranka shi daɗe, inda kunka dangwala nan na dangwala," ya ce. "Ni na ɗauki tsohuwarka bisa babur na kai ta rumfar zaɓe."

"Babur ba ya dangwala ƙuri'a," Mudassiru ya amsa. "Shekara sha takwas kana cin kifinmu, ashe ƙayar kake tara muna."

Aka yi dariya, har da waɗanda Nwankwo ya taɓa ɗinke wa ƙafa.

Munira ta ajiye kwanon. Bara yayarta Tasallah ta cika a cikin kwalekwale, tana naƙuda, kafin a isa asibitin Bagudo. Ɗakin shan maganin da jikan masuntan ya aza wa harsashi har sau biyu, awaki ne ke kwana a ciki. Ranar zaɓe, da ta ga alamar jam'iyyarsa a takarda, sai yatsanta ya ƙi, ya sauka kan alamar jam'iyyar tudu. Ba ta ko san fuskar ɗan takarar tudu ba.

Ta jira a soro har maza suka watse.

"Baba, ƙuri'ar nan…"

Bai ɗaga kai daga komar da yake ɗinki ba. "Na ga fuskarki sa'ad da kinka fito rumfa."

"To ka hwaɗa musu."

"In hwaɗa musu mi? Ɗiyar mai gari ta ci amanar gari? Shi yana da inda za shi koma. Ke ina za ki?"

"Nan ma garinai ne, Baba. Nan ya rufe ɗansa."

"Ɗauke kwanon ga."

Ta ɗauke.

Ba wanda ya kori Nwankwo. An dai daina sayen maganinsa, an daina amsa gaisuwarsa. Mata suka koma aike Bagudo a sayo musu ko da na ciwon kai ne, su biya kuɗin jirgi a kai. Munira ma ta sake hanyar makaranta, tana zagayawa ta bayan masallaci.

Wata Laraba da hantsi tana wanke-wanke a bakin kogi, Nwankwo ya iso da kwalayen magani a ka, yana loda su a kwalekwale. Sawu huɗu ya yi, ba wanda ya kama masa. A sawu na ƙarshe ya wuce dab da ita, har inuwarsa ta faɗa cikin kwanonta. Ta miƙe.

"Likita," ta ce.

Ya tsaya, ya dube ta, ya ba ta lokaci. Matan da ke wanki suka ɗaga kai, suka zuba mata ido. Munira ta sake durƙusawa, ta jawo tukunya tana gogewa.

Nwankwo ya naɗe ƙafar wandonsa, ya taka ruwa, ya shiga kwalekwalen ya zauna tsakanin kwalayensa, ya ba gari baya. Mai jirgi ya tura gora.