Faranti Na Goma Sha Bakwai

Karo na uku ke nan Dakta yake sunkuyawa kan madubin ƙara girma, yana neman aibu a farantin gwajin matarsa.

Shekara tara ya yi yana jiƙa wando a ruwan gishiri, yana kankaro gansakukar teku daga jikin duwatsu, yana renon ƙwayoyin bakteriyar da ke manne da ita. Duk wadda ya ware ya aika gwaji, amsar ɗaya ce: an san ta, har suna gare ta. Ita kuwa matar, bara-baran nan ta dawo aiki a ɗakin gwajin. Ranar da ta samo tata gansakukar ma ba aiki ya kai ta ba, takalmin autarsu ta bi cikin ruwa.

Da safen nan sakamako ya iso. Abin da ya tsiro a farantinta na goma sha bakwai, wasu ɗige-ɗige masu ruwan lemo, bai yi daidai da kowace bakteriya da ke cikin kundi ba.

"Baban yara, don Allah duba min," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kada in yi ta murna, ashe datti ne ya faɗa ciki."

"Galibi dattin ne," ya ce, tun ba ta rufe baki ba.

Ya ɗauko littafin aikinta, ya bi shi layi-layi da biro. Ya fito da sauran farantan daga firij yana ɗaga su a haske. Ya rina ƙwayar ya duba, ya sake rinawa. Lokacin cin abinci ya zo ya wuce, yana gaban kwamfuta yana gwada jerin ƙwayoyin halittar bakteriyar da na danginta, ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina ya taɓa, aikin tsaf yake. Har rubutunta mai kyau haushi ya riƙa ba shi.

Shugaban sashe ya leƙo yana dariya. "Dakta, ashe malamarka a gida ka ajiye ta!"

Ya yi yaƙe.

Da yamma ta dawo daga ɗauko yara a makaranta, ta tsaya a bayansa tana murza yatsu.

"Yaya?"

Ya san idan ya ce mata akwai shakka, ba za ta yi musu ba. Za ta mayar da farantin firij, wata shida su wuce. Ya daɗe yana kallon ɗige-ɗigen nan.

"Sabuwa ce," ya ce, muryarsa a dushe. "Na nemi kuskure ta ko'ina, ban samu ba."

Ta toshe baki da tafin hannu, hawaye suka zubo.

"Wuni guda, ko ruwa ba ka sha ba," ta ce. "Wa zai tsaya min haka in ba kai ba?"

Dakta ya cire safar hannu, ya jefa a kwando.

"Kawo takardar tabbatar da sakamakon in sa hannu," ya ce, bai ɗago ido ba.